Ya ce waiwaye nake yi, ni kuwa 'yata kawai nake so

Ga saƙon da ya shigo mana wannan makon, na rage masa tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda mai shi ta roƙa:

"Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni matar mai bishara ce, shekararmu 7 kenan a ƙasar Chadi, a wani ƙauye can yankin Gera. Yaranmu uku. Babbar shekararta 11, tun tana da 7 muka bar ta a Jos wurin yayata saboda makaranta, tunda nan da faransanci da larabci ake karatu. Bara da muka je hutu ta gaishe ni kamar wata baƙuwa, yanzu kuma in na kira waya sai lafiya lau lafiya lau ta miƙa wa yayata. Yayata ta ce ta koma fitsarin kwance. Ga mahaifiyata ba lafiya, ga kuɗin tallafi ba ya kai mu rabin wata. Na ce wa maigida mu koma gida ko na shekara ɗaya ne, sai ya ce wanda ya ɗora hannu a garma ba ya waiwaye. Tun ranar na kasa addu'a, ina jagorantar zumuntar mata amma cikina wayam. Zunubi nake yi da nake son komawa? Ko dama ni Allah bai kira ni ba, bin miji kawai na yi?"

'Yata, sannu. Sannu da aiki, sannu da zafin Gera, sannu da haƙuri. Bari in fara amsa miki abin da kika tambaya kai tsaye don kar ki karanta dogon surutu zuciyarki na dukan uku-uku: ba zunubi kike yi ba. Uwa ta ji 'yarta mai shekara 11 ta koma jiƙa katifa ta ce tana so ta je ta gani, wannan ba rashin bangaskiya ba ne, da ma a ce kin ji labarin kin ci tuwonki kin yi barci lafiya to a nan ne zan ce a taru a yi miki addu'a.

Kuma kin kawo ƙara inda aka san ciwon, domin ni ma 'yar mai bishara ce. Ina da shekara 8 aka kai ni makarantar kwana, ba zan faɗi wacce ba. Har yau ina ganin akwatin ƙarfen nan mai ruwan bula da babana ya rubuta sunana a kai da fenti, da ƙullin dakuwa da mamata ta tura can ƙasan kaya ta ce kar in ci duka rana ɗaya. Da lori ya tashi na ga ta juya baya da sauri ta nufi gida, shekara da shekaru ina riƙe da wannan a raina cewa ko tsayawa ba ta yi ta ɗaga min hannu ba. Sai da na yi aure na haihu ta gaya min kuka ne ya ci ƙarfinta, an ce musu kar su yi kuka gaban yara don kar su karya musu zuciya. Kinga ita tana ɓoye kuka don ta taimake ni, ni kuma ina fassara shi da cewa aikin Allah ya fi ni daraja a wurinta. To irin wannan lissafin nake jin 'yarki tana yi yanzu haka. Wannan lafiya lau lafiya lau ɗin da take miki, na san shi, na yi shi. Yaro in ya gane cewa kewa ba ta kawo uwa sai ya daina nuna kewar, ya rufe ƙofa kawai.

Kar ki ɗauka ina zagin riƙo ne. Riƙo al'adarmu ce, ɗa na kowa ne, da yawanmu a hannun gwaggo ko inna muka tashi kuma muka zama mutane. Yayarki ta yi miki halacci, kar ki bari wannan magana ta jawo ta ji kamar ana tuhumarta. Amma fitsarin kwance ga yarinyar da ta riga ta daina, ya dawo tana da 11, wannan jiki ne yake faɗin abin da baki ya kasa faɗa. Yana iya zama ciwon mara ko wata cuta da gwajin fitsari a asibiti zai nuna, a fara da wannan a cikin satin nan, ba sai kin zo ba yayarki za ta iya kai ta. Yana iya zama kewa ce zalla. Yana kuma iya zama wani abu ne ake mata a makaranta ko a unguwa ko ma cikin gida wanda yayarki ba ta sani ba, duka ko tsangwama ko abin da ya fi haka muni. Ba na so in tsorata ki amma ba zan ɓoye miki ba. Turawan mishan ma sun sha wannan darasin da ɗaci. Akwai makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan da aka yi a garin Mamou a ƙasar Gini, an rufe ta a 1971, sai a ƙarshen shekarun 1990 cocin da ke da ita ya yi bincike ya amince cewa an ci zarafin yara a ciki na tsawon shekaru, har ya nemi gafara. Iyayen suna can daji suna wa'azi ba su sani ba, yaran kuma sun yi shiru don kar su ɓata aikin Allah. Wannan tunanin na kar in ɓata aikin baba, shi ne babban abin da ke toshe bakin 'ya'yan masu bishara. Shi ya sa waya ba za ta isa ba. Sai kin zauna da ita, ku kwana ɗaki ɗaya, ki yi mata kitso, maganar za ta fito ne a rana ta biyar ko ta goma lokacin da ba ki zata ba.

Yanzu maganar garma. Ayar tana nan a Luka 9:62, ba maigidanki ya ƙirƙiro ta ba, kuma ban raina ta ba. Amma a duba wa aka faɗa wa. Mutum ne da bai ma fara bi ba yana neman uzurin jinkiri. Ke kuwa shekara 7 kina cikin gona, kin koyi larabcin Chadi kina cinikin kasuwa da shi, kin haihu ko kin yi goyo a inda asibiti ke da nisa, kin sha zazzaɓi ba adadi. Wa zai kalle ki ya ce ba ki kama garma ba? Sannan ki tambayi duk wanda ya taɓa huɗa da shanu. Gaskiya ne ba ya waiwaye don kar kunya ta karkace, amma idonsa na kan shanun. In ya ga karkiya ta ci wuyan ɗaya har ya fara jini, tsayawa yake ya kwance, ya sa magani, ya bar shi ya huta, don ya san in ya matsa yau gobe ba huɗa gaba ɗaya. Ku biyu ke cikin karkiyar nan. Ba shi ne manomi ke kuma saniya ba.

Kuma Littafin da ya faɗi maganar garma shi ne dai ya ce a 1 Timoti 5:8 wanda bai kula da nasa ba, musamman iyalin gidansa, ya yi musun bangaskiya. Shi ne a Markus 7 Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Yana kan gicciye ma sai da ya damƙa mahaifiyarsa a hannun Yahaya. Bulus ya ce Bitrus da sauran manzanni da matansu suke yawo. Amma don Allah kar ki kwashi waɗannan ayoyi ki je ki jefe shi da su bayan addu'ar safe, mai bishara ne, in aka shiga gasar aya zai ba ki goma kafin ki kawo uku, kuma ko kin ci gasar kin rasa mijin. Na kawo su ne don ke, don ki daina kallon kanki a matsayin mai ja da baya.

Bari in ɗan tsaya wa maigidanki, don na san irinsu, a gidan irinsu na tashi. Mutumin nan tsoro yake ji. Yana da 'yan tsirarun masu bi da ya sha wahala a kansu, yana ganin in ya ɗaga ƙafa za su watse. Yana tuna ranar da aka ɗora muku hannu a gaban ikilisiya ana waƙa ana kuka, yana tunanin da wane ido zai koma. Duk wata uku ko shida zai rubuta rahoto, kuma rahoton da ke kawo baiko shi ne mai labarin nasara, ba wanda ya saba rubuta cewa matata ta gaji 'yata ba ta magana. Ga kuma alkunyar ɗan fari irin tamu, namiji ya nuna damuwa a kan 'yar fari sai ya ji kamar ya yi rashin ta ido. Ina da tabbacin shi ma abin yana cinsa, ayar ce ya samu ya laɓe a bayanta. Saboda haka ki canza yadda kike shigar da maganar. Kalmar "mu koma gida" a kunnensa tana nufin "ka kasa". Ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi yara sun yi barci, ki ce baban wance, ba aikin nake so mu bari ba, ina so ne mu daɗe a cikinsa, kuma yadda muke tafiya ba za mu daɗe ba. Ki gaya masa maganar fitsarin ƙarara in ba ki gaya masa ba. Ki tambaye shi, in ta kai 20 ta ce ba ta son jin sunan coci saboda shi ya ƙwace mata iyaye, me za mu ce? Sannan ki yi shiru ki bar shi da tambayar, kar ki cika masa kunne.

In yana son misalin manya, akwai. David Livingstone da ake ta ba mu labarinsa a makarantar Littafi Mai Tsarki, a 1852 ya sa matarsa Mary da yara a jirgi zuwa Birtaniya don ya samu sakewar ratsa Afirka. Matar da ta tashi a Afirka ta je ta yi shekaru cikin talauci da kaɗaici a ƙasar da ba ta saba da ita ba, ta dawo ta rasu a bakin kogin Zambezi a 1862, shi kuma daga baya ya rubuta nadamar rashin ba yaransa lokaci suna ƙanana. William Carey ya tafi Indiya a 1793 da matarsa Dorothy wadda tun farko ba ta so tafiyar ba, ɗansu mai shekara 5 ya rasu a shekara ta gaba, hankalinta ya taɓu bai sake dawowa ba har ta rasu a 1807. Ana yawan ba da labarin nan a ce ga sadaukarwa, ni kuwa duk lokacin da na ji sai in ce wa ya zauna ya saurari Dorothy? Allah ya yi aiki ta hannun mutanen nan, ba musu, amma ba don sun yi sakaci da gida ba ne, duk da sakacin ne. Su kansu 'yan mishan da suka zo ƙasarmu ai wannan matsala ta karatun yara ce ta sa aka buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942 da Kent Academy a Miyango a 1946, ba yau aka fara ba, kuma ba ke kaɗai ba ce, tun da aka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta EMS a 1948 namu suka fara fita, kowace matar mai bishara da wannan ƙullin take kwana.

To me za a yi. Ni a ganina abu na farko ke ki tafi Jos, ba sai an jira hutun shekara ba, ki yi wata biyu ko uku, ki ɗauki ƙaramin ki tafi. Na san hanyar ba wasa ba ce, daga Mongo, babban garin Gera, zuwa Njamena kusan kilomita 500, a haye gada zuwa Kusiri, sannan a zaɓa tsakanin Gamborun Ngala da Maiduguri da irin fargabar hanyar, ko a zagaya ta Marwa da Garwa a ɓullo Yola a ƙara kwana da kuɗin mota. Amma gani ya kori ji. A tafiya ɗaya za ki ga 'yarki ki ga mahaifiyarki, ki kuma zauna da 'yan'uwanki ku raba nauyin jinyar, don ba daidai ba ne su ce ke kina aikin Allah su cire ki, ba daidai ba ne kuma ki ɗauka duk a kanki yake.

Na biyu, ku rubuta wa hukumar da ta aike ku da ikilisiyar da ke tallafa muku gaskiyar halin da ake ciki, ku biyu ku sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su suna can suna karanta rahoton nasara suna cewa madalla. Maganar kuɗi ku sa ta da lissafi ba da kuka ba. Sefa, kuɗin da kuke kashewa a Chadi, a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta motsi, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta zube har sefa 1,000 ta haura naira 2,000 a canji. Wato wanda yake aiko muku da adadin nairar da yake aikowa kafin 2023 yana ganin yana nan kan alkawari, alhali abin da ke isa hannunki ya ragu da fiye da rabi. Yawancin dattawan ikilisiya ba mugunta ba ce, ba su taɓa zama sun yi wannan lissafin ba ne. Ku rubuta musu kuɗin buhun gero, kuɗin man mashin, kuɗin magani, kuɗin mota zuwa gida, a sefa da kuma a naira. In kina da sana'ar hannu, ɗinki ko ƙuli-ƙuli ko sabulu, ki yi ba kunya, Bulus ma ɗinkin tanti ya yi tare da Akila da Bilkisu a Koranti.

Na uku shi ne inda yarinyar za ta zauna, kuma a nan zan faɗi ra'ayina ko da wasu za su ƙi. In da hali ku ɗauko ta. Ana ta jin tsoron faransanci kamar wata cuta, alhali Nijar da Chadi da Kamaru da Binin duk da shi suke aiki, yaron da ya tashi da Hausa da turanci da faransanci da larabcin kasuwa ba abin tausayi ba ne. Za ta iya rasa aji ɗaya, to sai me? Ke ki riƙe mata turanci da lissafi a gida da littattafan Najeriya, in lokacin jarrabawar gama sakandare ya matso sai a sake shawara, lokacin ta yi wayo kuma da ita za a yi shawarar. In ƙauyen ba makarantar kirki, ku nemi a bar iyali su zauna a gari kamar Mongo ko Bitkin shi ya riƙa shiga ƙauye da mashin, masu bishara da yawa haka suke yi. In duk wannan bai yiwu ba ku nemi hutun shekara ɗaya ko a mayar da ku fili mafi kusa da gida. Amma kar ku yanke ba tare da kun tambaye ta ba, shekara 4 ta yi tana gina rayuwa a Jos, tana da ƙawaye, kar a sake tumɓuke ta kamar yadda aka yi da farko ba wanda ya ce mata me kike so. Kuma duk abin da kuka tsayar ku sa masa wata da rana. "Za mu duba" ta cinye ƙuruciyar yara da yawa.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ta fi hana ki barci, wai ko Allah bai kira ki ba. Ba zan iya shiga tsakaninki da Ubangijinki ba. Amma bin miji kawai ba ya riƙe mace shekara 7 a gindin duwatsun Gera tana koya wa mata karatu. Abin da nake gani gajiya ce ta yi miki katutu har ta toshe bakin addu'a. Ki tuna Iliya, bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel ya gudu jeji ya kwanta gindin itace ya ce ya isa haka a ɗauki ransa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci ya ba shi da ruwa ya bar shi ya sake barci, har sau biyu. In kin kasa haɗa kalmomi ki buɗe Zabura 13 ko 42 ko 88 ki karanta da ƙarfi, ta 88 ɗin ma a cikin duhu ta ƙare kuma ba a cire ta daga Littafi ba. Zumuntar mata kuma ki miƙa wa wata daga cikin matan na ɗan lokaci, dama ai burin aikin kenan su iya tsayawa da ƙafarsu. In kin je Jos ke ma a duba jininki, zazzaɓi mai yawan dawowa da ƙarancin jini suna sa mutum ya ji duniya ta yi masa baƙi. In kuma ba kya barci, ko kuka na zuwa ba dalili, ko tunanin gara mutuwa ya fara leƙowa, ki gaya wa likita da bakinki, ki kuma gaya wa wata babbar mace da kika yarda da ita, kar ki bari a ce miki azumi kawai za ki ƙara.

Kafin ki samu kuɗin mota ga abin da za ki fara yau. Ki daina yi mata tambayoyin nan na ya makaranta, kina jin maganar anti, kina karatu, don amsarsu ɗaya ce, lafiya lau. Duk lokacin da kika hau inda sabis ke kamawa ki tura mata saƙon murya ta WhatsApp ɗin yayarki, ki ba ta labari kawai, akuyar maƙwabta da ta cinye miki kuɓewa, ƙaninta da ya faɗi wata kalmar larabci ba daidai ba kowa ya yi dariya, waƙar da kike mata tana goye. Ki ce mata kin yi kuka ranar da kuka bar ta, ki faɗa da bakinki, kar ki jira sai ta yi aure kamar yadda tawa ta jira. Ba lallai ta amsa ba a satin farko ko na biyu, ki roƙi yayarki ta bar mata wayar ta saurara ita kaɗai a ɗaki, kar a tsaya mata a kai ana cewa to amsa wa mamanki mana. In kin iso Jos ki turo min saƙo in ji yadda kuka yi da gwajin asibitin.